Kar-ka-motsa da Masu Haraji

Yayana mai hoto ne. A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, yara da manya Kar-ka-motsa suke ce masa, don ba maganar da ta fi wannan fita daga bakinsa tun yana saurayi. Ko jariri aka kawo masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kar ka motsa!" Uwar ta fashe da dariya, jaririn ya tsala ihu, shi kuwa ya danna abinsa, kuma hoton ya fito da kyau. Ni dai Yaya nake ce masa, sai in ina jin tsokana.

Kekensa ya sayar ya sayi kyamarar farko, tsohuwa, a hannun wani mai gyaran agogo. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji, don shi burinsa Yaya ya zama akawu. A kanmu ya koyi aikin. Hoton farko da ya yi wa Innarmu babu kai a ciki, daga wuya ne zuwa ƙasa, amma ta ajiye shi a ƙasan akwatinta har ta bar duniya, tana cewa ai zanen ya fito. Ni kuwa na sha tsayuwa a rana, ina riƙe da kujera, ina riƙe da kaza, ina kallon sama, ina kallon ƙasa, har hannunsa ya faɗa.

Da ya samu gidan kansa, ɗakin gaba ya mayar shago. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida, saboda haka mai jiran hoto yakan ji ƙanshin girki, mai girki kuma takan ji duk cinikin da ake yi. A bango akwai labule mai zanen gidan sama da lambu. Gabansa kujera mai hannu, da fulawar roba a cikin tulu, da wata matacciyar wayar tarho da mutane ke karawa a kunne su yi kamar suna magana da manya. Akwai madubi, akwai mataji ɗaure da zare don kar ya bi wani gida. Sai kuma kwat.

Kwat ɗin shuɗi ne mai duhu, yana rataye a ƙusa tare da lakataye da aka ƙulla tun tuni ba a sake kwancewa ba. Duk mai neman aiki da ya zo hoton fasfo, shi yake sawa. In mutum mai jiki ne sai a bar maɓallan a buɗe, in siriri ne Yaya ya zagaya ya tattare bayan ya ɗame da abin shanya kaya. Maɓallin sama ya taɓa ɓacewa, tela ya sa wani baƙi a madadinsa, haka ya zauna. Kuma ba kwastomomi kaɗai ke sa shi ba. In an kira taron iyayen yara a makaranta, ko za a je gaida wani babba, sai Yaya ya sauke shi daga ƙusa ya kaɗe ya zura.

A shagon nan ya samu mata. Ta zo hoton fasfo ne lokacin da za ta fara aikin jinya. Da ta dawo karɓa ya ce hoton ya ƙone, a sake. Ta sake dawowa ya ce ta rufe ido ɗaya. Da abin ya yi yawa sai ta ajiye jakarta a kan kujerar ta ce, "Malam mai hoto, in magana ce a bakinka ka faɗe ta, kuɗin mota na ƙarewa." Ya faɗa. Duk danginmu Sista muke ce mata, har shi.

Sista mai albashi ce, kuma daga nan tsokanar gidan ta samo asali. Duk ƙarshen wata takan dawo da takardar albashinta, ta shimfiɗa a kan tebur, ta sa yatsa a layin haraji ta yi tsaki.

"Dubi nan. Sun ɗebi nasu tun kafin in ga kalar kuɗin."

Yaya ya miƙe ƙafa ya ce, "Ayya, Sista. Ni kam ba wanda ya san hanyar aljihuna."

"To ka riƙa rage gudu a kan titin nan in ka hau babur. Da kuɗina aka yi shi."

Bakinsa ne kawai ke wannan fankamar. A zuciyarsa ba abin da yake tsoro kamar masu haraji. Ɗan kuɗin izinin shago da ake zuwa karɓa yana biya ba gardama, amma harajin abin da mutum ke samu, wannan ko sunansa ba ya son ji. Wani ya taɓa gaya masa cewa duk abin da ya faɗa durowar shago sai sun yanki kasonsu, ya lissafa a ransa ya ga in haka ne sai dai ya rufe shago, tun daga nan ya riƙe maganar. In ya hango mutum da fayil a hammata da biro a aljihu, sai ya tura ƙofa rabi. Wata rana irin wannan mutumin ya shigo kai tsaye, Yaya ya faɗa bayan labule. Mutumin ya yi ta sallama, can ya ce, "Maigida, ina ganin ƙafafunka fa." Ashe hoton iyalinsa yake so a je a ɗauka a gida. Sista ta ji komai daga tsakar gida, ta kuwa ba ni labari tun kafin la'asar.

Haka aka yi shekaru, yara suka taso. Babbar 'yarsa Samfur muke ce mata, don hotonta na jarirantaka shi ne a manne a ƙofar shago ana nuna wa mutane irin aikin da ake yi. Sai wayoyi masu kyamara suka cika gari. Kowa ya zama mai hoto. Masu zuwa su kara matacciyar tarho a kunne suka ɗauke ƙafa, sai masu fasfo jifa-jifa da ɗan aikin biki. Yaya bai yi ƙorafi ba, amma na lura ya fara goge fulawar roba sau biyu a yini don rashin abin yi.

Ana cikin haka wani kamfanin yin bokitai da ke bakin gari ya ce zai sabunta katin shaidar duk ma'aikatansa, ana neman mai hoto. Yaya ya kwashi samfurori ya tafi. Manajan ya duba ya yaba, ya ce aiki nasa ne, sai dai ya kawo takardar shaidar biyan haraji kafin ƙarshen wata, don ba sa ba da kwangila sai da ita.

Ranar ina gidan, Sista ba ta da aiki, mun gama cin abincin rana ke nan ya shigo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya ba mu labari, ya ƙare da cewa, "Shi ke nan. Aikin ya wuce ni. In na kai kaina wurin mutanen nan har labulen sai sun kwance."

Sista ta dube shi ta girgiza kai. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar albashinta.

"Matso nan, Baban Samfur. Ka ga wannan na sama? Shi ne albashina gaba ɗaya. A kansa ake yanka haraji?"

"To a kan me?"

"Bi yatsana. Nan an cire abin da nake tarawa na fansho. Nan an cire na inshorar lafiya. Nan kuma wani kaso ne da doka ta bar wa kowa ya ci abinci, ba a taɓa shi. Abin da ya rage a ƙasa, shi ake duba, kuma a cikinsa ma wani yanki ake ɗauka."

"Ke ke nan, mai ofis."

"Kai ma haka ne. Abin da ya shiga durowa ba duka ne naka ba. Takardar hoto kyauta ake ba ka? Tawada fa? Wuta fa? Man babur in za ka ɗaukar biki fa? Sai an cire abin da ka kashe kafin kuɗin su shigo, sannan a ga ribarka. Ribar ake yi wa haraji."

Yaya ya ɗago kai. Na ga fuskarsa tana washewa a hankali.

"Wato duk abin da na kashe, cirewa ake yi?"

"Duk abin da ka kashe a kan shago."

Rabin farko na maganar kawai ya ji.

Abin da ya taimake mu shi ne Yaya ba ya yar da takarda. Ba don tsari ba, hali ne kawai. Kowane rasit aka ba shi sai ya cusa a kwalin takardar hoto da ya ƙare, kwalayen kuma ya jibge a kan kabad. Ni ce mai ɗan kan lissafi a gidanmu, don a kantin magani nake zama kan kanta, saboda haka aka ɗora mini aikin. Kullum in na tashi sai in biyo, mu baje takardu a kan tabarma, ni ina karantawa, Sista tana warewa, Yaya yana kawo hujja.

Hujja kam yana da ita. Kuɗin makarantar yara ya ce na shago ne, tunda hotunansu ne talla a ƙofa. Buhun shinkafa ya ce na shago ne, don mai hoto in yana jin yunwa hannunsa rawa yake yi. Akwai rasit ɗin atamfar Sista, wai ya taɓa rataya ta a bayan wata amarya ranar da aka wanke labule. Akwai na tabaransa. Akwai na kifin gwangwani da yake saya wa kyanwar gidan, wadda ya ce ma'aikaciya ce, ita ke hana ɓera cin labule. Sista ta cire ta ajiye gefe, in ta juya ya mayar. Ta sake cirewa, ya sake mayarwa. A ƙarshe ta kaɗe zanenta ta ce da ni, "Ƙanwata, ƙyale shi ya kai. Abin da bai ji a bakin matarsa ba zai ji a bakin gwamnati."

Da safe muka tafi, ni da shi. Ya yi wanka ya shafa turare, ya sauke kwat daga ƙusa ya saka, wai kada a raina shi. Muka ɗaure kwalayen a bayan babur.

Ofishin dogon ɗaki ne mai bencina, fanka tana juyawa a sama tana ƙara, tebura a jere, kowanne da tulin fayil. Yaya ya zauna ya rungume kwalayensa, gumi yana bin wuyansa ta cikin lakataye. Da layi ya zo kanmu aka nuna mana teburin wani jami'i mai sanƙo, mai ɗan tumbi, da katin shaida rataye a wuya. Ya gaishe mu a mutunce har da tambayar iyali, abin da ya ƙara rikita Yaya, don shi tsawa ya shirya ji.

Jami'in ya fara da abin da ke shigowa shago. Yaya ba ya rubuta ciniki, saboda haka jami'in ya tambayi kwalin takardar hoto nawa ya ƙarar a shekarar, kowane kwali hoto nawa yake fitarwa, nawa ake biyan kowanne, aka kuma rage na waɗanda suka lalace. Kafin ka ce me, ga lissafi ya fito, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

"Na biki fa, da ake kiranka waje?"

Yaya ya yi tari. "Wannan ai ɗan abin da ba a rasa ba ne."

"Shi ɗin ma a faɗa mini."

Ya faɗa, aka haɗa.

Daga nan jami'in ya ɗauko doguwar rula ya kwantar a tsakiyar teburin. Ya ce, "Dama shago, hagu gida. Kowace takarda tambaya ɗaya zan yi maka a kanta. Da babu shagon, da za ka kashe wannan kuɗin?"

Takardar hoto ta tafi dama. Tawada dama. Gyaran injin buga hoto, ƙwan fitila, fentin allon ƙofa, kuɗin izinin shago, duk dama. Yaya ya fara gyara zama yana kallona yana ɗaga gira. Sai aka zo kan shinkafa.

"Da babu shagon, da ba za ku ci abinci ba?"

"Da za mu ci, amma ba da wannan kwanciyar hankalin ba."

"Hagu."

Kuɗin makaranta hagu. Atamfa hagu, ko hujjar bai bari an ƙarasa ba. Da aka zo kan tabarau jami'in ya ce, "In ka rufe shago, a nan kake barin idon ko da shi kake shiga gida?" Hagu. A kan kyanwa ya ɗan tsaya, ya ce ya taɓa ganin mai sayar da hatsi da ya kawo irin wannan maganar kuma ta karɓu, don kyanwarsa a sito take kwana. "Taka ina take kwana?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "A ƙafar gadon matata."

"To ka gaishe ta. Hagu."

Wasu takardun kuwa a kan rular kanta suka zauna. Mitar wuta ɗaya ce ta gida da shago, sai ya sa muka lissafa abin da ke cin wuta a kowane ɓangare, fitilu da inji da fanka a nan, firji da dutsen guga da talabijin a can, aka raba kuɗin daidai da haka. Man babur ma aka raba, na zuwa aiki daban, na kai Sista asibiti da zuwa gaida dangi daban. Sabuwar kyamarar da ya saya bara ita ce babbar takardarsa, ya miƙa ta da hannu biyu yana jiran a cire kuɗinta gaba ɗaya. Jami'in ya ce a'a, kyamara ba tawada ba ce da ke ƙarewa a wata guda, shekaru za ta yi tana aiki, don haka za a yanka kuɗinta gida-gida, kowace shekara a cire guda.

Yaya ya ce, "Oh, kamar yadda Sista ke yanka sabulun wanki."

"Kamar haka."

Saura ɗauri ɗaya, na mai wanki da guga, da ɗaya na tela. Jami'in ya juya su ya ce, "Wankin kwat, wankin kwat, sabon shafi na ciki. Wane kwat ne wannan?"

"Na shago ne, ranka ya daɗe. Kayan aiki ne kamar kujera. Masu hoton fasfo ke sawa."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai."

"Yana ina yanzu?"

A hankali Yaya ya sauke ido ya kalli ƙirjinsa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, kafaɗuna suna rawa.

Da na leƙo sai na ga jami'in ba dariya yake yi ba, kallon kwat ɗin yake yi, musamman baƙin maɓallin sama. Can ya kamo katin da ke wuyansa ya juyo da shi gabanmu. Wani siririn saurayi ne a jiki, gashi cike da kai, ido a zare, sanye da shuɗin kwat mai baƙin maɓalli.

Ya ce, "Ranar da zan kawo takarduna na neman aikin nan ne. Rigata ta yage a kafaɗa. Ka zagaya bayana ka ɗame ni da abin shanya har ina jin numfashina yana tsayawa, ka ce in na motsa ba za a ɗauke ni ba."

Yaya ya karɓi katin ya kai kusa da tabarau. "Aikina ne. Dubi hasken. Amma ina gashin ya tafi?"

Dariyar da jami'in ya yi sai da na teburin kusa suka juyo. Yaya ya ga dama ta samu, ya buga tebur. "To ka ga shaida! Kai da kanka ka sa shi. Dama!"

"Na ga shaida biyu. Ɗaya a wuyana, ɗaya a jikinka. Rabi."

"Haba, ɗana. Kashi uku cikin huɗu."

"Baba, nan ba kasuwa ba ce. Rabi."

Ya tara na dama, ya cire daga abin da ya shigo, ya nuna mana ribar. Daga ribar ya cire kason nan da Sista ta ce doka ta bar wa kowa. Abin da ya rage ya lissafa harajinsa, ya rubuta a takarda ya turo. Yaya ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya miƙo mini.

"Karanta mini. Ba a manta sifiri ba?"

Ba a manta ba. Bai kai abin da ya kashe a gyaran babur a shekarar ba.

Sai dai ba a tashi haka nan ba. Jami'in ya ce akwai shekarun baya da ba a kawo komai ba, su ma sai an yi musu irin wannan zaman, kuma akwai tara ta jinkiri. Wannan ta ɗan yi wa Yaya zafi, don da aka haɗa ta fi harajin shekarar nauyi, amma an yarda ya biya kashi-kashi. A hanyar fita ya juyo ya ce wa jami'in katin nan ya tsufa, ya zo a sake masa hoto kyauta.

"Kyauta kuma? Zan zo, zan biya, ka ba ni rasit, ka kuma sa shi cikin cinikin bana."

Yaya ya tuƙo mu a kan babur har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina ɓuya a bayan labule saboda wannan?"

Takardar shaidar biyan harajin ta fito a kan lokaci. Ya kwance labule ya kai kamfanin bokitai, ya rataya a ɗakin cin abincinsu, ma'aikata suka yi layi har waje. Kwanaki ya yi yana aikin, yana dawowa da muryar da ta dushe da fara'a har kunne. Daga kamfanin aka kwatanta shi ga wata makaranta, daga makarantar aka kai shi wani asibiti. Shagon da ya fara yin ƙura ya farfaɗo.

Da kuɗin farko ya sa aka kafa wa shago mitarsa daban. Ya sayi kwat na kansa, ruwan toka, wanda bai taɓa zauna masa kamar tsohon ba. Ya kafa ƙusoshi biyu a bayan ƙofa, ɗaya na takardun shago, ɗaya na gida. Har ya zarce, don akwai ranar da ya tsare mai lemo a bakin titi wai sai ta ba shi rasit, ta ce in ya ga dama ya ajiye ɓawon.

Abin da ba mu zata ba, sai ya zama malamin haraji na layin. Mai aski, mai walda, matar da ke ɗinki a kusurwa, duk in lokaci ya yi sai su kwaso takardunsu su zo. Yaya ya kwantar da rula a kan benci, ya gyara murya, ya yi musu tambayar nan guda. Mai aski ya kawo maganar talabijin ɗinsa, Yaya ya ce tunda masu jiran aski ke kallo, dama. Mai walda ya ce, "Ai duk ranar ƙwallo gida yake ɗauke ta." Aka yi ta musu har mai aski ya yarda da kashi biyu cikin uku. In abu ya fi ƙarfinsa ba ya ƙirƙira, sai ya ce, "Wannan sai mai sanƙo," ya tura mutum ofis.

Ita ma Sista ta ci moriya. Da Yaya ya koma ofishin a shekara ta biyu ya tambayi jami'in ko masu albashi suna da abin da ake cire musu bayan wanda ke kan takarda. Ashe kuɗin sabunta lasisin aiki da take biya daga aljihunta duk shekara yana cikin abin da za ta iya nema a cire, ba ta taɓa nema ba. Ta cike takarda, aka mayar mata da ɗan wani abu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma wata guda Yaya ya yi yana shiga gida da ƙafar dama yana cewa, "Ina mai ofis? A kawo wa mai ba da shawara ruwa."

Yanzu ya manyanta. Idon ya rage, hannun da yake cewa yunwa ke sa shi rawa ya fara rawa ko ya ƙoshi. Samfur ce ta karɓi shagon, ta kawo kwamfuta, ta yi masa rajista da suna, ta ɗauki ma'aikaciya ɗaya, sannan ta ɗauki ubanta. Aikinsa tarbar mutane, gyara musu zama, da sa jarirai su kalli inda ake so, wanda har yau ba mai yin sa kamarsa. Albashi take biyansa, da takarda, da komai a rubuce. Watan farko ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya ce a gaya wa mai shagon yana neman ƙari. Ta ce a gaya wa ma'aikacin ya daina ba abokansa hoto kyauta tukuna.

Kwanan baya ta ba shi hutun shekara, abin da bai taɓa yi ba tun da ya sayar da keken nan. Ranar farko ya yi barci. Rana ta biyu ya zagaya ta titi ya shiga shagon ta ƙofar gaba ya zauna a bencin masu jira, Samfur ta kore shi. Ya koma cikin gida, Sista ta ce yana tsaye mata a ka, ya je ya ga dangi. Sai ga shi a gidana da hantsi. Kafin in kawo masa shayi ya sauke duk hotunan da ke bangon falona, wai a karkace suke kuma haske yana dukansu ta inda bai dace ba. Ya aiki maigidana neman guduma da ƙusa. Da yamma ta yi rabi ne kawai suka koma bango, sauran suna jingine a bayan kujera, ya ce kada kowa ya taɓa, gobe da safe zai dawo ya ƙarasa.